Masu cewa a sake kashe sabis a Zamfara, kun manta da 2021 ne?

Duk lokacin da wani ɓarawon daji ya fito a TikTok yana baza damin kuɗi a kan tabarma, waƙa na tashi a bayansa kamar wanda ya ci gasar Kannywood, sai ka ga jama'a sun taso da magana ɗaya: gwamnati ta kashe sabis kawai a huta. Na lura mafi yawan masu wannan kiran daga Kano ko Abuja suke rubutowa, waya cike da caji, data ta wata guda a ciki. Ba na zargin niyyarsu, haushi ne, kuma haushin da hujjarsa. Amma 'yan uwa, wannan maganin an taɓa ɗura mana shi, mu mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kuma har yau ɗacinsa bai bar bakinmu ba.

Ga waɗanda a lokacin suna firamare, ga yadda aka yi. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Bello Matawalle ya rufe kasuwannin mako-mako, ya hana safarar shanu, ya hana sayar da fetur a jarka. Ranar 1 ga Satumba 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun, wata shida bayan na Jangebe. Ranar 3 ga Satumba hukumar NCC, a ƙarƙashin Farfesa Umar Danbatta, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamna, ta hannun ma'aikatar da Isa Ali Pantami ke jagoranta. Aka ce mako biyu. Mako biyun gwamnati kuwa kun san shi, irin "saura kaɗan a kammala" ne na daraktan da bai ma fara ɗaukar fim ba. Gusau ta samu nata ranar 1 ga Oktoba. Sauran ƙananan hukumomi sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da dawowarsa, kuma sanarwa daban, ganin sandar sabis a fuskar waya daban.

Bari in ba masu wannan ra'ayi haƙƙinsu tukuna. Dabarar ba ta wawa ba ce. Ɓarawon daji ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana da infoma a cikin gari mai gaya masa wa ya sayar da shanu, wace mota ta taso daga tasha, sojoji sun nufi ina. Yana da mai kai masa fetur da burodi da ƙwaya. Cinikin kuɗin fansa ma a waya ake yinsa. In ka yanke waya, ka kuma rufe kasuwa da gidan mai, ka shaƙe shi ta wurare uku. A makonnin farko an ga alamar hakan, ɗaliban Kaya ma sun dawo gida kafin Satumba ta yi nisa. Wanda ya ce matakin bai taɓa ɓarayin ba ko kaɗan, bai yi adalci ba.

Matsalar ita ce ɓarawo yana da babur, gari ba shi da shi. Da aka matsa a Zamfara sai suka gangara gabashin Sakkwato. Katsina ta kashe sabis a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato ta kashe a 14, Kaduna ma ta bi sahu a wasu yankunanta. Duk da haka a tsakiyar Oktoban 2021 aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. A Disamba aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. A Janairun 2022 aka yi kisan Anka da Bukkuyum. Shi wanda ake nema ya sauya daji kawai, ya bar mutanen gari cikin duhu.

Sannan akwai abin da duk ɗan Zurmi ko Shinkafi ya sani ba sai an karanta masa a jarida ba: Nijar ga ta nan. Sabis ba ya nuna fasfo a bakin iyaka. In ka matsa arewa, layin Nijar yana kamawa, kuma NCC ba ta da iko da turakun ƙasar Maraɗi. Rahotanni a lokacin sun nuna ɓarayin sun koma amfani da layukan can. To wa aka yanke wa waya ke nan? Tsohuwar da ɗanta ke turo mata kuɗin cefane daga Legas. Ita ba ta da babur ɗin da za ta hau ta je bakin iyaka ta amsa kira.

Ta ɓangarenmu na masu kallo kuwa, abin dariya ne da ban haushi a haɗe. Lokacin Izzar So da Labarina na tashe, duk Arewa na gardama a kan abin da ya faru a sabon fitowa, mu muna zaune kamar waɗanda aka kulle a ɗaki. Masu tura fim a waya, waɗanda aka fara yi wa kallon sana'arsu ta kusa mutuwa saboda YouTube, sai ga su sun zama sarakuna. Duk wanda ya dawo daga tafiya da memori cike, ranar shi ne ango, har shayi ake saya masa. Xender ta yi aikin da ba ta taɓa yi ba. Ni kaina na ga an yi layi a gaban teburin mai caji a Kaura, babu wanda ya zo cajin waya a cikinsu, fim ɗin da ya kwana goma da fita kowa ke jira, kuma an yi yarjejeniya duk wanda ya riga ya kalla ya kama bakinsa. Mutanen Gusau suka riƙa zuwa Funtua don su buga waya kawai, sai aka kashe na Funtuwar ma, aka ƙara gaba zuwa Zariya. Wasiƙa ta dawo, ana ba direba a tasha kamar zamanin kakanninmu. Garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929, ga shi a 2021 yana aika saƙo a takarda.

Amma in ka cire dariyar, ka dubi sana'o'in da matasanmu suka dogara da su. Mai POS ba ya aiki sai da sabis, ranar da aka kashe shi ma an kashe shi. Mai sayar da kati da data haka. Yaron da ke harhaɗa waƙa a ɗan ƙaramin situdiyo yana turawa Audiomack, yana fatan wata rana a ji shi kamar yadda aka ji Hamisu Breaker, ya yi wata uku babu hanyar da duniya za ta san yana raye. Mai barkwanci a Facebook da ya fara tara mabiya, su waɗannan manhajojin ba su san uzuri ba, in ka yi shiru sai su manta da kai su ɗauko wani. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura, masu neman aiki da ake cewa su cike fom a intanet, 'yan kasuwar Shinkafi da aka rufe musu kasuwar Alhamis sannan aka hana su ko kiran abokin ciniki. Ƙasar da ta haifi Narambaɗa da Kassu Zurmi, inda makaɗi ke cika fili da murya kaɗai, ita ce aka mayar kurma. Mafi muni, ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da yadda zai kira kowa. Da can ko ba a zo ba, aƙalla maƙwabta suna jin labari su gudu.

Tambayar da nake so masu kiran a kashe sabis su amsa ita ce: ina amfanin wahalar NIN da muka sha? Tun Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, hujjar kuwa tsaro. Mun yi layi cikin rana, wasu sun kwana a ofis. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 kiran waya. Alƙawarin shi ne daga yanzu duk wanda ya kira ya nemi kuɗin fansa, an san shi. Shi kansa Pantami a Janairun 2024 ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Wanda ya kawo tsarin ke nan, ba ni ba.

Kada kuma a ce mana fasahar ce babu. A Nuwamban 2022 an bi ɗalibi har Jami'ar Tarayya ta Dutse an kama shi saboda abin da ya rubuta a Twitter a kan Aisha Buhari. A watan nan dai kotu a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin da sharar kotu saboda barkwancin da suka yi a kan Ganduje. Idan ɗan wasa ne ya yi shaguɓe, kafin ya gama cin tuwon dare an san lungunsu. Idan mai bindiga ne ya yi bidiyo kai tsaye yana rabon kuɗi, sai a ce ana bincike.

Na san za a ce gano waya a daji ba kamar a birni ba ne, kuma gaskiya ne. Ana ƙiyasta inda waya take ne ta hanyar turakun da ke kewaye da ita. A birni turaku sun yi yawa, ana iya matse wurin. A daji turke ɗaya ke ɗaukar fili mai faɗi, sai dai a ce yana wannan yankin. Layin ma sau da yawa na wanda aka sace ne, ko an yi rajistarsa da sunan wani. To amma wa ya ce matsalar rashin sanin inda suke ne? Bello Turji ba aljani ba ne. 'Yan jarida sun je sun same shi sun yi hira da shi. A 2022 Trust TV ta fitar da shirinta a kan 'yan bindiga, BBC ma ta fitar da nata a kan na Zamfara, fuskoki a fili. Me ya biyo baya? Hukumar NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan biyar. Mai kyamara ya isa wurin, shi aka hukunta. Ko a fim ɗin Indiya ba a rubuta irin wannan labarin, don 'yan kallo za su ce darakta ya raina musu hankali.

Yanzu ma lissafin ya ƙara lalacewa. Tun Janairun 2023 Starlink ta shigo Najeriya, kuma ita ba ruwanta da turke, daga tauraron ɗan adam take ɗauko intanet kai tsaye. Na'urarta dubban ɗaruruwan naira ce. Tsakanin mai karɓar miliyoyin fansa da mai sayar da rake a tashar Zurmi, wa kuke ganin zai saya? Ga shi bayan canjin kuɗin 2023 hatta mai shayi ya koma karɓar tiransifa, don haka kashe sabis yau zai fi na 2021 ciwo nesa ba kusa ba. Ƙari a kan haka, a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Muna biyan tsada a kan sabis ɗin da dama sai ka hau tudu kake samu, sannan a ce a kashe shi don a kare mu.

Ban ce babu ranar da sojoji za su buƙaci a yi shiru a wani yanki ba. In za a shiga wani daji takamaimai, a kashe turakun da ke kallonsa na kwana biyu ko uku, a shiga, a fito, a kunna, wannan kowa zai fahimta. Abin da aka yi a 2021 shi ne rufe jiha sukutum ba tare da ranar buɗewa ta gaskiya ba, kuma har yau ban ga wanda ya zauna ya yi wa jama'a lissafin abin da aka samu da abin da aka rasa ba. Matawalle ya faɗi zaɓe a 2023, ya zama ƙaramin ministan tsaro. Dauda Lawal ya hau, ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi kuwa har yanzu direba sai ya tambayi wanda ya fito daga can kafin ya tayar da mota, kuma da waya yake tambayar.