RA'AYINMU: Labarin Laifi Na Buƙatar Lissafi

'Yan uwa, kusan kullum sai mun ji a rediyo ko mun karanta a jarida cewa an kashe mutum kaza a gari kaza, an sace wasu a hanya kaza. A yi jimami, washegari sabon labari ya binne na jiya. Da yawa daga masu ɗauko rahoton laifuffuka aikinsu bai wuce su jira kakakin 'yan sanda ya karanto masu takarda, su kai a buga ba. To idan wanda ake zargi da sakaci shi ne kuma ke riƙe da lissafi, ai an ba kura ajiyar nama.

Akwai darasi daga Amurka. Wani ɗan jarida mai suna Thomas Hargrove ya tattaro bayanan kisan kai da 'yan sandan ƙasar ke aika wa hukumar FBI, ya zuba su a kwamfuta, ya sa ta ware kashe-kashen da suka yi kama da juna, wato yanki ɗaya, jinsi ɗaya, hanyar kisa ɗaya, kuma ba a kama kowa ba. A shekarar 2010 lissafin ya nuna masa garin Gary da ke jihar Indiyana, inda aka shaƙe mata da dama. Ya rubuta wa 'yan sandan garin cewa ga alama akwai mai bin mata yana kashewa, suka yi kunnen uwar shegu da shi. Sai a 2014 aka kama wani Darren Vann bisa kisan wata mata, ya kuma nuna gawarwakin wasu shida a gidajen da suka zama kango. A 2018 ya amsa laifin kashe su bakwai ɗin, aka yi masa ɗaurin rai da rai.

Mu da ake zubar da jinin mutanenmu a Zamfara, Katsina, Sakkwato da Birnin Gwari mun fi kowa buƙatar wannan ilimi. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai a Nijeriya, wadda ta ba ma'aikatar gwamnati kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Mu nawa ne muka taɓa amfani da ita?

Saboda haka muna kira ga matasa masu sha'awar aikin jarida da su koyi aiki da jadawali irin na Excel. A rubuta rana, wuri, adadin waɗanda abin ya shafa, wa ya faɗa, ko an kama wani, da kuma inda shari'a ta kwana. Kada a shigar da adadi don kawai an gan shi a Facebook, sai an tabbatar daga majiya biyu. Wanda ya ƙara gawa ɗaya a lissafi ya ba azzalumi hujjar ƙaryata sauran gaba ɗaya.

Allah Ya sa mu dace.