Gaisuwar Kirsimeti Ga 'Ya'yanmu Na Fagen Daga

'Yan'uwa cikin Ubangiji, duk watan Disamba masu bi 'yan ƙauyukan Malumfashi da Kafur da ke zaune a birnin Katsina kan yi haramar komawa gida. Amma akwai waɗanda ba za a gani a tasha ba, wato 'ya'yanmu maza da mata masu kakin soja da aka tura Borno ko dajin Rugu.

Wannan ba yau aka fara ba. Ran jajibirin Kirsimeti ta 1989 Charles Taylor ya shiga Laberiya da mayaƙansa, a watan Agusta 1990 kuwa sojojin Nijeriya suka sauka Monrobiya cikin rundunar ECOMOG. Daga can aka wuce Saliyo, inda 'yan tawaye suka afka wa Firitawun ran 6 ga Janairu 1999, kwana kaɗan bayan sabuwar shekara. A waɗannan shekaru babu wayar hannu, sai wasiƙa. Idan ta iso ƙauye akan karanta ta gaban dangi, wani lokaci har cikin majami'a, kowa ya ji sunan yaron, a yi masa addu'a.

Yau waya na aljihun kowa, amma gaisuwa ta koma tsakanin soja da iyalinsa kaɗai. Ikkilisiya ba ta ji, don haka takan manta. Wanda ikkilisiyarsa ta manta da shi kuwa, ga bindiga a hannu, ga tsoro, ga kewar gida, gwajinsa babba ne.

Mu tuna, cikin Luka sura 3 Yohanna Mai Baftisma bai ce wa sojoji su ajiye aiki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su. Gaisuwarmu ce za ta riƙa tuna wa namu wannan.

Don haka muna roƙon kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen sojojinta, a karanta su ranar Kirsimeti, fasto ko dattijo ya kira kowannensu. Zumuntar Mata su leƙa matan sojoji a barikin Natsinta da mudun shinkafa, kada a tsallake gwaurayen da mazansu ba su dawo ba. Zumunci a ƙafa yake.

Ubangiji ya kiyaye su, su da abokan aikinsu Musulmi, ya maido su gida lafiya. Amin.