Sharhi: Hanyar Minna zuwa Bida da nauyin da ya fi ƙarfinta

Hanyar Minna zuwa Bida a Jihar Neja tana da tsawon kimanin kilomita 82. Ta taso daga unguwar Kpakungu a Minna, ta wuce ta gaban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, ta ratsa Kataeregi, sannan ta isa Bida, mazaunin Etsu Nupe.

Darajarta ta ƙaru ne tun 1976, lokacin da aka ƙirƙiro jihar aka mai da Minna hedikwata, domin ita ce ta haɗa fadar gwamnati da ƙasar Nufawa, wadda ta yi suna wajen noman shinkafa.

A tsarin hanyoyin Najeriya, wannan hanya ta jiha ce, amma kayan da take ɗauka na ƙasa baki ɗaya ne. Da hanyoyin tarayya biyu suka lalace, wato Mokwa zuwa Kaduna ta Tegina da Birnin Gwari, da kuma Bida zuwa Lambata ta Agaie da Lapai, sai tireloli da tankokin man da ke tahowa daga Legas suka karkato ta cikinta. Rashin tsaro a yankin Birnin Gwari ya ƙara tunkuɗo su.

A 2020 gwamnatin Abubakar Sani Bello ta ƙaddamar da aikin sake gina hanyar, ta kuma hana manyan motoci binta. Direbobi suka mayar da martani da tare hanyoyi. Wannan takaddama ta nuna cewa dokar jiha kaɗai ba ta iya korar motar da ba ta da wata mafita.

Talaka ne ke ɗanɗana kuɗarsa: manomin da kuɗin mota ke cinye ribar amfaninsa, ɗalibin da ke zirga-zirga tsakanin gari da Gidan Kwano, da majinyacin da ake kaiwa asibitin tarayya na Bida.

Saboda haka, komai kyawun kwaltar da gwamnatin Mohammed Umaru Bago za ta shimfiɗa, ƙarkonta ya rataya ne a kan abu biyu: kammala gyaran hanyoyin tarayya da ke kewaye da ita, da kafa ma'aunin nauyin manyan motoci. In ba haka ba, jihar za ta ci gaba da biyan kuɗin ɓarnar da ba ita ta jawo ba.