Faɗuwar Gaba: Tsakanin Tawakkali Da Neman Sani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

 Bayan haka, yau zan ɗan kauce daga darussan da muka saba, in yi magana a kan wani al'amari da ya shafe ni ni kaina, wanda na daɗe ina nauyin bakin faɗarsa. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne, tun da na fara ba da labarin a majalisa, sai na tarar ashe muna da yawa, kowa ya ƙunshe nasa a ciki, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Wata ranar Asabar ce a shekarar 2023, bayan la'asar, ina karantar da ɗalibaina hadisi na shida cikin Arba'una Hadis na Imamun Nawawi a Islamiyyarmu da ke nan Kudenda. Hadisin Nu'umanu bin Bashir ke nan, wanda ƙarshensa yake magana a kan tsokar nan da gyaruwar jiki da ɓacinsa suka rataya a kanta. Ina cikin sharhi sai na ji kamar zuciyata ta tsaya cak, sannan ta buga da ƙarfi sau ɗaya, sai kuma ta ɗauki gudu kamar wanda aka biyo. Na dafa allo na yi shiru. Wata yarinya a sahun gaba ta ce, "Malam, lafiya?" Na ce mata lafiya lau, mu ci gaba. Kafin minti biyu abin ya wuce kamar ba a yi ba. Daga wannan rana ya zama baƙon da ba ya sallama: wani lokaci sau biyu a mako, wani lokaci a yi wata guda bai leƙo ba, wani lokaci kuma cikin dare ina kwance, babu abin da ya firgita ni, babu abin da nake tunani.

A harshenmu, abin da Larabawa suke kira khafaƙan muna ce masa faɗuwar gaba. Sai dai wannan kalma tana ɗauke da kaya biyu. Idan Bahaushe ya ce gabansa ya faɗi, yawanci yana nufin tsoro ne, ko jin cewa wani mugun abu na tafe. Don haka da zarar ka faɗa wa mutum kana fama da faɗuwar gaba, tunaninsa ba ya zuwa kan tsokar da ke cikin ƙirjinka, sai ya tafi kan maƙiya, ko iska, ko raunin imani. Ni kuwa duk na sha waɗannan fassarori.

Na fara da kemis, kamar yadda mafi yawanmu suke yi. Mai shagon ko hannuna bai taɓa ba ya ce olsa ce, ya haɗo mini magani. Da bai yi ba, aka tura ni gwajin jini a wani ɗakin gwaji, aka ce taifot ce da maleriya, na sha allurai. Daga nan mahaifiyata, Allah Ya saka mata da alheri, hankalinta ya tashi, aka kawo mata labarin wani mai magani. Don in faranta mata na je. Bai yi minti biyar da ganina ba ya yanke hukunci cewa jifa ne, kuma daga cikin dangi yake, har ya fara siffanta wata mace. A hanyarmu ta dawowa Hajiya ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ka ji siffar da ya faɗa kuwa?" Na san wadda take nufi, baiwar Allah ce da ta goya ni ina ƙarami. Na ce, "Hajiya, don girman Allah kada mu ɗauki alhakin kowa a kan maganar da babu hujja." A ranar na gane cewa jahiltar cuta ba jiki kaɗai yake cutarwa ba, yana iya tsinka zumuncin shekara arba'in.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban musanta sihiri ba, ban musanta kambun baka ba, kuma har gobe ban bar azkar na safe da yamma da ruƙiyya ta shari'a ba. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya tabbatar da abin da ba shi da ilimi a kansa. Mai kemis da ya ce olsa ce ba tare da bincike ba, da mai maganin da ya ce jifa ne ba tare da hujja ba, laifinsu iri ɗaya ne: dukkansu sun ji kunyar cewa "ban sani ba". Mu kuwa ɗaliban ilimi an koya mana cewa manyan malamai irin su Imamu Malik ba su ɗauki wannan kalma abin kunya ba.

Akwai kuma kashi na uku, su ne abokai na kirki masu cewa, "Haba Malam, kai da kake koya mana tawakkali!" Wannan ta fi yi mini ciwo, domin ta sa na yi watanni ina tuhumar imanina maimakon in je asibiti. Da na koma ga littattafai sai na ga akasin haka. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira ma'anar cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar da maganinta. Tirmizi ya kawo labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya yi bayani mai gamsarwa cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kamar yadda cin abinci don kore yunwa ba ya warware shi. Har ma Abu Dawuda ya kawo cewa Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya yi ciwo a ƙirji, Manzon Allah (SAW) ya je duba shi, ya ɗora hannu a ƙirjinsa, sannan ya nuna masa likitan nan na Banu Saƙif, Harisu bin Kalada. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta ta dace da ingantattun da suka gabata. Kuma tarihinmu shaida ne: Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta littafi sukutum a kan magungunan zuciya, Ibnun Nafis kuma, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana yadda jini yake bi ta huhu tsakanin ɓangarorin zuciya biyu. Waɗannan ba su ga saɓani tsakanin sallah da bincike ba.

To, sai na haye gada na shiga gari, na ga likita. Aka yi mini gwajin zanen bugun zuciya, wanda a asibiti ake kira isiji, sakamako ya fito lafiya ƙalau. Maimakon farin ciki sai na ji haushi, domin na san abin da nake ji, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitar da na gani daga baya, Allah Ya yi mata albarka, ita ta warware mini. Ta ce, "Malam, zuciyarka tana bugawa wajen sau 100,000 a kwana guda, wannan takarda kuwa ta ɗauki kimanin daƙiƙa 10 ne kawai. Idan ɓarawo ba ya gida lokacin da aka zo bincike, ba a cewa ba a yi sata ba." Wannan magana ta sauke mini nauyi, domin karo na farko ke nan da wani ya yarda cewa ba ƙirƙira nake yi ba.

Daga nan aka bi abin daki-daki, kuma ina so ku riƙe wannan tsari domin zai yi muku amfani. An auna hawan jini. An duba yawan jinina, saboda ƙarancin jini yana sa zuciya gudu don ta cike giɓi. An gwada ƙululun nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, domin idan ya yi aiki fiye da kima yakan hanzarta bugun zuciya. An duba sukari da gishirin jini. An ɗauki hoton zuciya da ake kira eko, don a ga ƙofofinta da ƙarfin tsokarta. A ƙarshe aka ɗaura mini wata 'yar na'ura mai suna Holta, wadda ta samo sunanta daga Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta, Norman Holter. Na yini na kwana da ita awa 24, da wayoyi manne a ƙirjina a ƙarƙashin riga, na yi salloli biyar da ita, na shiga aji da ita. Irin waɗannan gwaje-gwaje da ƙwararrun likitocin zuciya an fi samunsu a asibitocin koyarwa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko na Malam Aminu Kano. Ba zan ɓoye muku ba, kuɗin ya yi wa aljihun malamin Islamiyya nauyi, amma da na lissafa abin da na kashe a kemis da allurai da kwalaben tsimi, sai na ga da tun farko nan na nufa da na yi riba.

Me aka gano? An kama wasu 'yan bugu da suke riga lokacinsu, su ne nake ji kamar zuciya ta tsaya sannan ta doka da ƙarfi. Likita ta ce mutane da yawa suna da su, kuma idan ginin zuciya lafiyayye ne galibi ba su da haɗari. Amma wancan gudun mai tsawo da ya same ni a aji, ya ƙi zuwa a ranar da na'ura take jikina. Har yau da nake wannan rubutu ba a kama shi ba, ba a kuma sa masa suna ba. Ina zuwa asibiti lokaci-lokaci, kuma an ce mini duk ranar da ya zo ya daɗe in hanzarta a yi isiji yana cikin yi.

A nan ne darasin da ya fi kowanne yake. Mun iya haƙuri da cutar da aka sa wa suna, amma zama da wadda ba a gano ba wani irin haƙuri ne dabam. Rai yana ƙin duhu, shi ya sa yake rungumar kowace amsa ko da ta ƙarya ce. Ku kuma matasan intanet kuna da naku mai maganin: ƙarfe biyun dare mutum ya ɗauki waya ya rubuta abin da yake ji, kafin asuba ya yanke wa kansa hukuncin mutuwa. Tsoro kuwa da kansa yana sa jiki ya saki sinadarin da ke hanzarta zuciya, sai bugu ya haifi tsoro, tsoro ya haifi bugu. Na faɗa wannan rami, na san zurfinsa. Kuma idan bincike ya nuna damuwa ce tushen abin, wannan ma cuta ce mai magani, ba alamar raunin imani ba ce. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa ba don masu yawo a bola kaɗai aka gina shi ba.

Ga abin da nake yi yanzu, wanda nake ba ku shawara a kai. Na sayi ƙaramin littafi, duk lokacin da abin ya zo sai in rubuta rana da lokaci, da abin da nake yi, da abin da na ci ko na sha, da tsawon lokacin da ya ɗauka. Na koyi ƙirga bugun jijiyar hannu: yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na daƙiƙa 30 a ninka biyu. Babban mutum da ke hutawa yakan samu tsakanin 60 da 100 a minti. Ina lura kuma ko bugun yana tafiya a jere ne ko a hargitse, domin akwai nau'in hargitsewar da kan tara gudan jini a zuciya har ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan littafi ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: abin ya fi zuwa a ranakun da na yi doguwar hira a teburin mai shayi, na ci goro, na kwanta a makare. Na rage su, ya ragu, ko da yake bai tafi ba. Ina jan hankalin 'yan'uwanmu masu aikin dare a kamfanonin Kudenda da masu tuƙi a kan baifas, waɗanda suke korar barci da lemon ƙara kuzari gwangwani bayan gwangwani: sinadarin da ke cikinsa shi ne na goro da kofi, kuma wasu magungunan mura ma suna tayar da bugun zuciya.

Amma akwai alamomin da ba a jira da su, ba a kuma rubuta su a littafi a ajiye. Idan faɗuwar gaba ta zo da suma ko jiri mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko tana zuwa ne lokacin ƙwallo ko aikin ƙarfi, ko kuma a danginku an taɓa samun matashin da ya faɗi ya mutu farat ɗaya, to asibiti kai tsaye, a yi addu'ar a hanya. Haka nan mai jego da ta fara haki da kumburin ƙafa da bugun zuciya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawaitar ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Kada a ce mata gajiyar haihuwa ce a ƙara mata ruwan zafi. Maigida, wannan amana ce a wuyanka.

Ni dai wannan baƙo nawa ya koya mini abin da shekarun karatu ba su koya mini ba. Da can ban taɓa gode wa Allah a kan bugu guda ɗaya ba, alhali ana ba ni dubu ɗari kullum ba tare da na roƙa ba, ina barci ina farke. Sai da ɗaya ya kuskure lokacinsa sannan na san ana yi mini kyauta. Ranar Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan sake shiga aji, littafina yana aljihu, katin asibiti yana cikin jaka, kuma na san ajalina ba ya hannun ɗayansu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ya haskaka wa likitocinmu abin da ya ɓoyu gare su, Ya tsare harsunanmu daga zargin bayinSa, Ya gyara mana zukatanmu ta kowace fuska. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne.