Gayyar Zamani: A Faɗaɗa Ƙofar Aikin Sa Kai

Sau da yawa nakan ji manya suna kukan cewa yaran yanzu ba su da zuciyar taimako, wai aikin gayya ya mutu tare da kakanninmu. Ni ban yarda da wannan magana ba. A ganina niyyar taimako tana nan daram a zukatan matasa, ƙofar da za su bi su taimaka ce ta yi ƙunci. Tun da yake yau wayar hannu ce ƙofar da ta fi kusa da kowa, alhakin faɗaɗa ta ya rataya a wuyan masu tsara manhajoji.

Bari in ari misali daga ajin kimiyyar halittu. In ɗalibi ya tauna ɗan burodi ya bar shi a baki na ɗan lokaci, zai ji ya soma zaƙi. Dalili kuwa shi ne akwai wani sinadari cikin miyau, amilas, mai farfasa sitaci ya mai da shi sukari. Sitacin da kansa yana iya farfashewa, sai dai a hankali ƙwarai, don akwai shingen da sai an tsallake kafin aikin ya kankama. Abin da amilas ke yi shi ne rage tsawon wannan shinge. To haka manhajar aikin sa kai ta kamata ta zama. Ba za ta dasa wa mutum son alheri ba, amma tana iya kawar da abin da ya tsaya tsakaninsa da alherin.

An gwada wannan a gandun namun daji na Serengeti da ke Tanzaniya. Daga shekarar 2010 masu bincike daga Jami'ar Minnesota ta Amurka suka kafa kyamarori 225 a dajin, kowace tana ɗaukar hoto da zarar ta ji motsi. Kafin ƙarshen 2013 sun tara rukunin hotuna miliyan 1.2, kuma mafi yawansu babu dabba a ciki, ciyawa ce kawai iska ta kaɗa. Malamai ƙalilan ba za su iya duba wannan tuli ba. Saboda haka a Disambar 2012 suka buɗe shirin Snapshot Serengeti a dandalin Zooniverse na intanet, suka gayyaci duniya. Mutane fiye da 28,000 suka yi rajista, suka bayar da amsoshi miliyan 10.8.

Me ya jawo wannan taro? Tsarin ne. Da farko an yanka aikin gutsi-gutsi: hoto ɗaya, tambaya ɗaya, wace dabba ce, guda nawa ne, me suke yi. Mai minti biyar yana da abin yi, mai awa biyu ma haka. Na biyu, ba a nemi takardar shaida ba. Wanda bai san sunan dabbar ba, shafin na taimaka masa da siffofi kamar launin jiki da fasalin ƙaho har ya kai ga amsa. Na uku, an cire wa mutum tsoron kuskure, domin kowane hoto mutane da dama ne ke duba shi, sannan a ɗauki amsar da ta rinjaya.

Nan ne wasu abokan aikina ke ja da baya, suna cewa yaya za a gina ilimi a kan idon wanda bai je jami'a ba? Tambayar tana kan hanya, kuma an amsa ta da lissafi. Da aka gwada amsar jama'a da ta ƙwararru a kan dubban hotuna, sai aka tarar sun dace a fiye da kashi 96 cikin 100. Mutum ɗaya yana iya ɗaukar damisa a matsayin kura, amma da wuya mutum goma su yi kuskure iri ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Bahaushe.

Akwai wani ƙorafin da ya fi wannan nauyi, wato kada aikin sa kai ya zama hanyar cin gumin mutane kyauta. Mu tuna yadda gayya take a ƙauye. Mai gona yakan yi fura da tuwo, makaɗi ya kira sunan gwanin noma, kuma kowa ya san gobe za a zo tasa gonar. Manhajar da ke karɓa kawai, ba ta gaya wa mutum inda aikinsa ya kwana, ba za ta riƙe shi ba. A 2007 wata malamar makaranta a ƙasar Holan, Hanny van Arkel, tana duba hotunan sararin samaniya a shirin Galaxy Zoo, ta ga wani abu da masana ba su lura da shi ba. Har yau da sunanta ake kiran abin. Wannan ita ce furar gayyar zamani.

Mu ma nan muna da aikin da ke jiran hannaye. A 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsawo da faɗi, mai sa kai ya shafe aƙalla awa biyu yana rubuta tsuntsayen da ya gani ta manhajar BirdLasser. A wannan shekarar ce kuma aka sanya ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Wa ya fi mahauci sanin lokacin da ungulu ta daina sauka? Wa ya fi manomi sanin ranar da shamuwa ta iso? Iliminsu yana nan, amma bai kai ga littafin masana ba.

Don haka ga shawarata ga ɗalibin da ke koyon kwamfuta. Kada ka tsara manhaja don kanka. Ka tsara ta don ƙanwarka mai ƙaramar waya, wadda kuɗin data ke yi wa wuya. Ta yi aiki ko babu sabis, ta aika bayanin in an samu. Ta karɓi murya da hoto, don ba kowa ke son rubutu ba. Ta san gauraka da belbela da hazbiya da sunayensu na Hausa. Kada ta tambayi mutum abin da ba a buƙata, kuma ta kare sirrin yara. Kafin ka ce ka gama, miƙa wayar ga mutum biyar da ba su taɓa ganin ta ba, ka yi shiru ka kalle su. Duk inda suka tsaya suna dube-dube, nan shingen yake, kuma gyaransa naka ne.

Malamai kuwa ba sai sun jira manhaja ba. A ba 'yan aji littafi guda, su riƙa rubuta tsuntsayen harabar makaranta da kwanan wata kowane mako. Bayan zango ɗaya a zauna a duba wane ɗalibi ya ci gaba, wane ya daina, kuma me ya sa ya daina. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce darasin farko na mai tsara manhaja.