Mun Bar Labarin Hanyar Sawakin Yana Shiga Kabari

Tare kowane matashi a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau ka tambaye shi yadda ake zuwa Makka, zai zayyana maka komai: kuɗin kujera, bita, sansanin alhazai, har awannin da jirgi yake yi a sama kafin ya sauka Jidda. Amma ka ce masa, "Kakanka fa, ta ina ya bi?" sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai su da ƙafa suka tafi." Iyakar abin da ya gada ke nan daga tafiyar da ta cinye wa wasu shekara uku, wasu bakwai, wasu kuma ba su dawo ba har abada. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin ba ɓacewa labarin ya yi da kansa ba. Mu ne muka zauna da masu shi a gida ɗaya, muka ƙi tambayarsu.

Hanyar ba ɓoyayyiya ba ce. Mutumin Tsafe ko Bunguɗu ya kan sayar da abin da ya mallaka, ya yi sallama da dangi irin ta wanda ba ya sa ran dawowa, ya nufi gabas. Bayan layin dogo ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920, mai hali ya kan rage hanya da jirgin ƙasa zuwa Zariya da Kano. Daga nan sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, sai Abeshe, a shiga Sudan ta Janaina, a bi Fashir zuwa Ubayyid inda ake sake samun jirgin ƙasa. Guzuri ba ya kai kowa. Shi ya sa ake yada zango a yi ƙwadago, musamman tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an kammala madatsar ruwan Sannar a 1925. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama masaukin mutanenmu. Jikokin waɗanda suka tsaya a can suna nan, suna jin Hausa.

Wannan ɓangaren na tudu ana ɗan taɓa shi a hira. Inda bakinmu ya mutu gaba ɗaya shi ne bakin teku. Ka dubi mutumin da babban ruwan da ya sani a rayuwarsa shi ne gulbin da ya ratsa Bunguɗu, wanda da rani yara ke wasa a yashinsa, yau ga shi tsaye a Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa mai gidajen dutsen murjani, Bahar Maliya shimfiɗe a gabansa babu ƙarshe. Turawan mulki sun gindaya sharuɗɗa: takardar tafiya, allurar rigakafi, zaman killacewa, da kuɗin jirgi na zuwa da dawowa. Mai iko ya shiga babban jirgi zuwa Jidda. Talaka kuwa ya bi masu ƙananan jiragen filafilai da ake kira sambuk, a tsallaka da shi a sace, a sauke shi a gaɓar kudu da Jidda, wajen Lis ko Ƙunfuda, ya ƙarasa da ƙafa cikin ƙishi. An cuci wasu, an zubar da su inda ba nan aka yi alkawari ba. An raba wasu da 'ya'yansu aka sayar, domin sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Me suka ci a cikin jirgin? Wa ya yi musu tafinta? Yaya aka yi da wanda ya cika a tsakiyar ruwa? Wace addu'a mata suka riƙe da igiyar ruwa ta taso? Amsar tana bakin waɗanda suka hau jirgin kaɗai.

Je ka nemi abin karantawa a kan wannan hanya ka ga sunayen da za ka tarar. Umar al-Naqar, ɗan Sudan, ya fitar da littafinsa kan tarihin hajjin mutanen Afirka ta Yamma a 1972. Baturen Ingila J. S. Birks ya bi sawun masu tafiyar ƙasa, ya wallafa nasa a 1978. Bawa Yamba, ɗan Gana, ya zauna da Hausawan Sudan, littafinsa ya fito a 1995. Allah ya saka musu, sun yi aikin da ya kamata mu yi. Amma da Ingilishi suka rubuta, don masana irinsu. Jikan alhajin da ke Kwatarkwashi ba zai ji muryar kakansa a ciki ba. Tafiyar manya kuwa ba ta ɓace ba. An san Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, Abubakar Imam kuma ya bar mana Tafiya Mabuɗin Ilmi kan zuwansa Ingila a 1943. Ta manomi da mai koda da almajiri ce muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Na taɓa zama gaban wata tsohuwa a Tsafe wadda iyayenta suka tafi da ita tana yarinya. Ta sa aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta kwance wani tsumma, sai ga takardar tafiyar mahaifinta ta yi ja, gara ta ci gefenta, hatimin Larabci yana nan daram. Na ce, "Hajiya, kin tuna ruwan?" Ta ce, "Ɗan nan, yo wa zai manta? Ruwan sha da ludayi ake auna mana shi." Tana magana tana jefa Larabcin Sudan ba ta ma lura ba. Jikokinta suna zaune a tabarma ɗaya da mu, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Wayar da za ta iya naɗar muryarta tas tana hannunsu, amma ba wanda ya ɗaga kai.

Na san abin da wani zai ce: mutane suna fama da 'yan bindiga, hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta zama abin fargaba, kai kana zancen tsohon labari? Ai wannan masifar ce ta sa abin ya zama na gaggawa. Duk ƙauyen da aka tasa a ƙasar Tsafe ko Bunguɗu, tsofaffi ne suka fi jigata, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa ɗaukar adaka. Ana ƙona gida da takardun cikinsa. Wanda aka tafi da shi yana ɗan shekara 10 a 1955, yau ya kai 80. Nawa suka rage? Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tsohuwar ta rasu a 1951. Da an ce sai baɗi, da babu littafin.

Abin kunya ne a ce ƙasar da ke tinƙaho da 'Yandoto, cibiyar ilimi tun kafin jihadi, ta kasa adana maganar iyayenta. Aikin kuma ba ya bukatar kwangila ko kwamiti. Malaman Tarihi da na Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau su tura ɗalibai garuruwansu, kowa ya naɗo muryar alhaji ko hajiya ɗaya ta zamanin ƙasa, a karɓa a matsayin kundin kammala digiri. Hukumar alhazai ta jiha ta ware wurin ajiye hotunan tsofaffin takardun tafiya, a mayar wa iyalai na asali. Gidajen rediyonmu, da ba sa rasa fili ga 'yan siyasa, su ba tsofaffin nan rabin awa a mako. A aika kwafi Gidan Arewa a Kaduna da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, don kada gobara ɗaya ta cinye komai.

Kai kuma mai karatu, kada ka jira hukuma. In akwai mai irin wannan tafiya a gidanku ko unguwarku, je ka durƙusa ka gaishe shi yau, ka kunna wayarka, ka tambaye shi sunan kowane zango, da abin da ya biya mai jirgi, da waɗanda aka binne a hanya. Ka rubuta sunansa da garinsa da ranar hirar. In ka yi sakaci har aka kira ka jana'izarsa, kada ka ɗora wa Bature ko gwamnati laifi. Naka ne.