Ƙarar babur da tsoron da ya ƙi barin Kauru

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. A ƙauyukan masarautar Chawai da ke ƙaramar hukumar Kauru, tsumman nan shi ne ƙarar babur da daddare. Tun harin watan Nuwamba na 2016, da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin suka kashe mutane da dama, akwai matan da rurin inji daga nesa ya isa ya sa su saɓa goyo su faɗa cikin masara, ko da kuwa ɗan acaɓa ne ya yi dare a kasuwa. Mutanen Kafanchan da suka ga rikicin 1987 da na 2011 ba sai an yi musu bayanin wannan faɗuwar gaba ba.

Irin wannan tsoro koyonsa ƙwaƙwalwa ta yi, kuma ana iya koya mata kishiyarsa. A 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta gwada hakan da wani ƙaramin yaro mai firgita da zomo. Kullum sai a ba shi abincin da yake so, a ajiye zomon cikin keji can nesa, gobe a ɗan matso da shi, har ranar da yaron ya kai hannu ya shafa shi. Sirrin ke nan: mutum ya riƙa haɗuwa da abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan, ya ga babu abin da ya same shi. Gudun abin kuwa, shi ke ƙara wa tsoron ƙiba.

Sai dai binciken wani masani, Mark Bouton, ya nuna tsohon tsoron ba ya gogewa. Sabon darasi ne ke danne shi, kuma firgici guda ya isa ya tono shi. Don haka duk wanda zai ce wa manomin Kauru ya daure ya koma gona alhali maharan na nan a daji, zaluntarsa zai yi. Tsoron wannan manomi hankali ne, ba cuta ba. Tsaro ne farko.

Amma inda ƙura ta lafa fa? Abin da aka saba kaiwa shi ne buhunan shinkafa da katifu, a ɗauki hoto, a ce a yi haƙuri. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna, ga nisa, ga gudun a ce wance ta haukace. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 har yau ba a ji ɗuriyarta a ƙauye ba.

A sansanin Nakivale na Uganda, masana daga Jamus sun horar da 'yan gudun hijira su kansu, na 'yan makonni, suka iya yi wa 'yan'uwansu aikin rage irin wannan tsoro. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora dutse a kan kowane tashin hankali, fure a kan kowane farin ciki, sannan ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari dalla-dalla har kuka da karkarwa su ragu. Kauru na da ungozoma, da malaman makaranta, da ma'aikatan ɗakin shan magani, waɗanda ke jin harshen mutanen kuma liman da fasto sun yarda da su. Horonsu ne ya rage wa gwamnatin Kaduna ta ɗauki nauyi.